Nawa Yana Tukunya

Shekara goma sha ɗaya Malam Isiyaku ya yi yana dafa wa maza biyar abinci a wani gidan haya da ke unguwar Manfuha ta birnin Riyad, hawa na biyu, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa ganin ya zauna a gaban tire tare da su. Shi dai ya zuba, ya kawo, ya ajiye ruwan wanke hannu, ya koma bakin ƙofar kicin ya jingina yana kallon yadda loma take tafiya. In wani ya ɗago ya ce, "Baba, kai fa?" amsarsa ɗaya ce: "Ku ci, nawa yana tukunya." Kuma gaskiya yake faɗa. Sai sun gama sun watse sannan zai ja kujerar roba, ya rungumi tukunya, ya kankare ƙanzo da ragowar miya. Cewa yake a nan daɗin yake, su ne dai ba su san kan abinci ba.

Ba girki ne ya kawo shi Riyad ba. Aikin gini ya zo yi daga Gusau, ya shekara huɗu yana hawa sama da bulo, har ranar da ya zamo daga kan katako, bayansa ya tashi daga aiki. Alhaji Ghali, direban wani Balarabe kuma babba a gidan, shi ya tara sauran ya ce abin kunya ne a mayar da mutum gida a gurgunce alhali hannunsa ya iya miya. Aka yi magana ta baki da baki: Isiyaku zai riƙe tukunya, su kuma su riƙe masa katifarsa, su haɗa hannu duk shekara su sabunta masa igama, takardar zaman da in babu ita ko burodi mutum ba ya fita saye da kwanciyar hankali. Mazauna gidan sun yi ta canzawa, wani ya tafi wani ya zo, amma tsarin yana nan. In aka tambaye su ku nawa ne a gidanku, sai su ce, "Mu biyar ne, sai Baba."

Mujtaba ne ya shigo da abin. Shi ne na ƙarshen zuwa gidan, akawu ne a wani ofis da ke unguwar Ulaya, mai ƙeya a goge da turare har matattakala. Wata Talata bayan la'asar, Isiyaku yana tuƙa tuwo, aka danna ƙararrawa. Ya buɗe ya ga wani ɗan Fakistan yana haki, riƙe da jakar takarda da maiƙo ya fara ratsawa. Ba sallama, ba ina wuni, mutumin ya miƙo jakar ya juya. Isiyaku ya bi shi da kira da ɗan Larabcinsa na kasuwa, ya zo ya sha ruwa, tuwo ma ya kusa sauka. Ko waiwayowa bai yi ba. Mujtaba ya fito daga ɗaki yana dariya.

"Baba, mandub ne, ɗan aiken kawo abinci. Ba ya tsayawa, waya tana ƙirga masa mintuna."

"To wa ya aiko shi?"

"Ni. Na danna ne kawai a waya."

Isiyaku ya dubi tuwonsa, ya dubi jakar, ya ce a ransa marmari ne, kwana biyu zai wuce.

Bai wuce ba. Sauran 'yan gidan suka bi sahu: Sanusi ya koya, Talle ya koya, Sadiƙ ya koya. Har Alhaji Ghali, mutumin da a da ko saƙon waya sai an karanta masa, ya iya dangwala hoton kaza da babban yatsa. Wannan ya ci shawarma a mota, wancan ya ci buros, soyayyiyar kazar nan, a bakin aiki, wanda ya dawo gida kuma ya shige ɗaki da kwalinsa, ya sa abin jin magana a kunne, yana ci yana yi wa waya dariya. Garin ma duk haka ya koma. Inda a da azahar take cika 'yan ƙananan gidajen abinci na Manfuha da hayaniya, yanzu motoci ne jere a ƙofarsu, kowane direba yana jiran a kira lamba.

Shi kuwa Isiyaku bai rage ko ludayi ɗaya ba. A inda ya tashi, wanda ba ya nan ba a cinye rabonsa, ana zuba masa ne a rufe a ajiye. Haka ya ci gaba da yi. Kwanon Sanusi mai shuɗin murfi, na Talle mai lanƙwasasshen baki, duk ya san su kamar 'ya'yansa. Sai kwanuka suka fara kwana a rufe. Zubar da abinci kuma bai iya ba, yana jin tsoron Allah a kansa. Shi ne cin ɗumame da safe, ɗumame da rana, ɗumame bayan magariba, har ya fara jin haushin girkin kansa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne igama. Saura wata biyu ta ƙare. A da, tun ana saura wata uku Ghali yake zuwa ya ce, "Malam, miƙo takardun nan in kai wa kafil," wato Balaraben da sunan Isiyaku yake ƙarƙashinsa. Bana shiru. Ghali yana gaishe shi da fara'a fiye da kullum, kuma wannan fara'ar ce ta fi tayar masa da hankali.

Ya yi tunani ya ce ai ya gano bakin zaren. Ba girkinsa aka ƙi ba, kawowa ake so. To shi ma yana da ƙafa. Akwai daddawa da man shanu da wani ɗan garinsu ya kawo masa, yana ta adana su don azumi. Ranar Laraba ya kwance ƙullin, ya yi tuwon shinkafa da miyar kuka wadda ƙamshinta ya sa maƙwabcinsu ɗan Sudan ya leƙo. Ya zuba a kula, ya ɗaure da ɗankwali, ya tari tasi zuwa Ulaya, bayansa yana zogi a kowane rami.

A ƙofar benen gilashin mai gadi ya tare shi yana tambayar lambar oda. Wace lamba? Isiyaku ya ce abincin Mujtaba ne, ɗan Najeriya, dogo, mai turare. Mai gadi ya nuna masa gefe, inda masu kawo abinci kusan goma suke tsaye a rana, kowa ido a kan waya. Nan ya tsaya cikinsu da kularsa mai ɗankwali ya kira Mujtaba. Sai da ya kira sau uku.

Mujtaba ya sauko yana waige-waige.

"Haba Baba! Me ya fito da kai da wannan ranar?"

"Tuwo na kawo maka. Miyar kuka ce, daddawar Gusau."

"Wallahi na gode. Amma ofis ne fa, a rufe yake, ga na'urar sanyi. In na buɗe wannan, warin daddawa har ofishin mudir, shugabanmu."

"Ƙamshi dai," in ji Isiyaku.

Kafin Mujtaba ya amsa, wani daga cikin mutanen nan ya matso ya miƙa masa farar leda. Ashe tun safe ya danna nasa. Ya karɓi ledar da dama, ya karɓi kular da hagu, ya ce Baba ya koma gida ya huta. Da yamma ya dawo ya ajiye kular a kicin ya ce ya ci ya ƙoshi, Allah ya saka da alheri. Isiyaku bai buɗe ba. Da ya ɗaga ta ya ji nauyin, ya san ko murfin ba a taɓa ba.

Ranar Juma'a suna dawowa daga masallaci Ghali ya rage sauri har sauran suka yi gaba. Ya yi gyaran murya, ya yi magana a kan zafin bana, ya yi a kan tsadar rayuwa, sannan ya sauka a inda za shi.

"Malam, mun zauna da yaran nan. Ka ga yanzu kowa cikinsa yana cikin wayarsa. Kuma ga wani ɗan Sakkwato yana neman katifa. Kai ma ai ka huta, ka je ka ga jikoki. Kafil zai buga maka takardar fita ta ƙarshe, shi ke nan, cikin mutunci."

Isiyaku ya ci gaba da tafiya har suka wuce shagon ɗan Yaman mai burodi. Sannan ya ce, "Alhaji, gaya mini tsakani da Allah. Gishiri ne ya yi yawa?"

"Subhanallahi, ba girkinka ba ne. Zamani ne."

Zamani! Bawan Allah, shi ake ɗora wa duk kayan da mutum ya ji kunyar ɗauka da kansa. Zamani bai ci tuwon Isiyaku shekara goma sha ɗaya ba. Ba zamani ya dafa wa kunun tsamiya ba lokacin da zazzaɓi ya kwantar da Talle mako biyu. Amma Isiyaku bai faɗi ko ɗaya ba, ya ce Allah ya sa hakan ne alheri, suka hau bene.

Don fita kunya suka shirya masa walimar bankwana, Juma'ar da zai tashi, bayan an sauko daga masallaci. Suka kafa masa doka: yau kai ne baƙo, kada ka kusanci wuta, mu za mu ciyar da kai. Abin ya yi masa daɗi, kada a ɓoye. Tun ranar Alhamis ya wanke tukwanensa tas da soson ƙarfe ya kife su. Ranar kuwa ya sa sabon kaftaninsa, ya shimfiɗa ledar cin abinci a falo, ya ɗauko babban tiren nan da ƙura ta fara hawa ya goge ya ajiye a tsakiya. Ya ƙudura a ransa duk abin da aka kawo zai juye shi a tire, ya zauna tsakanin Ghali da Sanusi, ya sa hannu tare da su, ko sau ɗaya ne kafin ya bar ƙasar.

Ƙararrawa ta yi ƙara. Saboda sabo, shi ya miƙe ya karɓo. Kabsa ce, shinkafar Larabawa da naman rago, kowa da kwalinsa da cokalin roba. Kafin ya kai ga tiren hannuwa sun miƙo. Ya ba Ghali, ya ba Sanusi, ya ba Talle, ya ba Sadiƙ, ya ba Mujtaba. Ya sake zura hannu cikin ledar, ya taɓo takardar goge baki.

Ya leƙa. Babu komai. Ba mugunta ba ce, ya sani, kuma da mugunta ce da ta fi sauƙin haɗiya. Mujtaba ya ƙirga masu ci ne kamar yadda aka saba ƙirgawa a gidan, ya danna biyar.

Sun riga sun buɗe kwalaye, kowa ya ɗora nasa a cinya, ba wanda ya kalli tiren. Talle yana yabon naman. Ghali ya ɗago da shinkafa a baki ya gan shi tsaye da leda a hannu.

"Malam, kai fa?"

"Ku ci," in ji Isiyaku, "nawa yana tukunya."

Ghali ya gyaɗa kai ya mayar da ido kan kwalinsa. Mutum biyar, su da bakinsu suka hana shi hura wuta, amma ba wanda maganar ta tsaya wa a wuya.

Isiyaku ya shiga kicin ya ja kujerar roba. Ya birkito babbar tukunyar, cikinta yana ƙyalli, har yana ganin hularsa a ciki. Ya ɗauki cokalin ƙarfe ya fara kankarar gindinta a hankali, da irin ƙarar da suka saba ji, don kada wani ya tuna ya ji kunya. Ya daɗe yana yi. Ba wanda ya leƙo.