Taku Talatin na Débora

Sau uku Gédéon Faverolle ya auna daɓen sabuwar majami'armu, yana jan gwiwa kamar mai neman allura, tsohuwar sandar awonsa ta tagulla tana ƙara a kan dutse. Duk sau ukun ƙafa hamsin da takwas ya samu. A takardarsa kuwa sittin ya rubuta.

Jochim Pralle, Bajamushen da ke shugabantar magina, yana tsaye a kansa da tukunyar taba a baki.

"Maigida, ko ka kai gobe kana awo, sittin ne. Da hannuna na ja igiyar."

"Da wane ma'auni?"

"Da namu mana. Akwai wani ne?"

Akwai kuwa. Mu da muka gudo daga Faransa zuwa Brandenburg saboda addininmu mun saba ganin komai na nan ya ɗan gaza na gida: burodinsu, ranarsu, har hirarsu. Ƙafar awonsu ma ta gaza tamu da kamar faɗin ƙaramin yatsa. Gédéon ya fi kowa sanin haka. Shekara arba'in yana gina wa sarkin nan ganuwa da gidajen igwa da manyan ƙofofi masu ado, bai taɓa manta juya awo zuwa na Jamusawa ba. Amma wannan zanen bai lissafa shi ba, daga zuciyarsa ya kwafo shi. Ya miƙa wa Pralle takardar, aka kira shi gyaran wata ganuwa a kan iyaka, bai dawo ba sai da aka ɗora rufi.

Yadda aka yi ya haddace awon tsohuwar majami'ar garinmu na bakin teku can Faransa, wannan kowa ya sani, ba a dai faɗa a gabansa. Yana ɗan shekara ashirin da biyu aka haramta ibadarmu, aka zuba sojoji a gidajen mutane. Gédéon ya sa hannu a takardar barin addini. Da kwamandan sojojin ya ji yaron ya karanci gini, sai ya umarce shi ya auna majami'ar ya nuna inda za a binne albarushi. Ya auna, ya nuna. Ginin ya zube cikin kansa da la'asar guda, ko tagar maƙwabta bai fasa ba.

Yayarsa Débora ta ƙi sa hannu. Ta yi shekara huɗu a kurkuku mai danshi, a can idanunta suka fara tafiya. Shi kuma daga baya ya gudo, ya tuba a gaban jama'a, dattawa suka karɓe shi, ya yi ta fafutuka har ya fito da ita. Ta zauna a gidansa, tana saƙa masa safa, tana dafa masa miyar kabeji. Sai dai tun daga ranar albarushin nan sunansa bai sake fitowa daga bakinta ba. Injiniya take kiransa, kamar baƙo. Ni maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma na sha jin haushin tsohuwar nan, na sha jin tausayinta. Shi dai ya sa a ransa cewa ranar da ya mayar mata da majami'arta daidai, ba ragi ba ƙari, za ta kira shi da sunan da uwarsu ta raɗa masa.

"A rushe bangon gabas," in ji Gédéon, yana miƙewa daga awon.

Pralle ya cire tabar daga baki. "Saboda ƙafa biyu? Sanyi ya kusa, maigida. Kuma Allah ba ya zuwa da sandar awo. Wa zai sani?"

"Yayata."

"Wadda ba ta gani?"

"Tana ƙirga taku. Talatin ne daga ƙofa zuwa bencin uwarmu a gindin mumbari. Ta faɗa mini ya fi sau dubu."

Ba a kai ga rushe komai ba, domin Débora ta ji labarin an gama rufi, ta ce da safe za ta je. Wanda ya san ta ya san ba a ce mata jibi. Ni na riƙo hannunta har bakin ƙofa. Nan ta zame, ta gyara farar hularta, ta shaƙi ƙamshin sabon katako.

"Kada wanda ya taɓa ni," ta ce.

Ta soma tafiya tana ƙirgawa a fili. Gédéon yana binta a gefe, fuskarsa ta yi fari fat, yana jiran ta yi karo da sabon bencin da aka kafa a gindin mumbari kafin ta kai talatin. Abin da duk ilminsa bai kawo masa a rai ba shi ne, budurwa ce ta yi wancan ƙirge, yau kuwa tsohuwa ce 'yar saba'in take jan ƙafa. Da ta ce talatin, tana tsakiyar ɗakin. Ta tsaya, ta miƙa hannun dama yadda ta saba don ta dafa bayan bencin. Hannun ya yi ta lalube a iska.

"Ina bencin Mama?"

"Yana gaba, Yaya."

"Ka ƙara masa tsawo ke nan. Ku masu gina wa sarakuna, komai sai kun kumbura shi."

Da ya yi shiru, da ya tsira. Ni kaina na yi ta yi masa alama da ido. Amma mutumin da ya taɓa sa hannu a kan ƙarya ya daɗe da rantse ba zai ƙara ba.

"Ban ƙara ba, Yaya. Gazawa ma ya yi, da ƙafa biyu. Na manta ban juya awon ba. Laifina ne."

Ta daɗe tsaye, hannun nan har yanzu a miƙe. Na ga lokacin da ta gane cewa ɗakin ya ragu amma ita ta fi shi raguwa. A hankali ta sauke hannun.

"Ranar rushewa dai, Injiniya, ko inci ba ka kuskure ba."

Ta juya ita kaɗai, ta ƙirga talatin ɗinta zuwa ƙofa.

Washegari ya sa Pralle ya ciro bencin daga gindin mumbari, ya kafe shi da ƙusoshi a tsakiyar hanya, daidai inda hannunta ya yi lalube. Pralle ya yi ta ƙunƙuni, dattawa suka ce abin ba kyan gani. Gédéon, wanda zai iya hana magini abinci saboda tubali guda ya karkace, bai tanka wa kowa ba.

Débora ba ta sake zuwa ba. Sanyin farko ya kama ƙirjinta, ni na yi jinyarta. Wata rana da hantsi, shi yana can wurin masu sa tagogi, ta tambaye ni ko gaskiya ne an matsar da bencin.

"Gaskiya ne, yana tsakiyar hanya."

"Ana tuntuɓe da shi?"

"Fasto ma ya buge gwiwa."

Ta yi 'yar dariya har tari ya sarƙe ta. "Kai, Gédéon," ta ce. "Yaron nan ya ɓata layinsa."

Kafin ya dawo cin abincin rana, Débora ta cika.

Sai bayan an binne ta na faɗa masa. Muna cikin majami'ar, yana zaune a ƙarshen bencin, ya bar wurin mutum biyu a damansa.

"Da bakinta ta faɗi sunan?"

"Da bakinta."

"Yaya ta faɗe shi? Maimaita mini yadda ta yi."

Na gwada. Ya saurara da idanu a rufe, sannan ya girgiza kai.

"Ba haka take faɗa ba. Takan ɗan ja ƙarshen." Ya motsa leɓe yana gwadawa. "Ko kuwa Mama ce mai ja?"

Na ce masa ban sani ba. Ya ce in sake gwadawa.