Albasar Kwaɗi a Ƙofar Baba Zakariya

"Adda, manja! Kawo manja!"

Adda Zuhra ta yar da tsintsiya ta fito da kwalbar a hannu. Baba Zakariya na durƙushe a ƙofar ɗakinsa, kan karensa Duna a cinyarsa. Karen sai amai yake, yawu na dalala, ƙafafunsa na karkarwa. Tsohon ya ɓare masa baki ya ɗura manjan, nan take karen ya dawo da shi ja wur a kan rigarsa.

Kowa a wannan layi na Damilu ya san su. Shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko tsohon ya iso Jimeta daga wajen Madagali, ba mata ba 'ya'ya, sai ɗan kwikwiyo a buhu. In ka tambaye shi sauran iyalinsa, sai dai ya shafa kan karen. Mutanen layi sun ba shi ɗaki da tabarma, gidaje na aika masa tuwo, amma karen ya tsaya musu a maƙogwaro. Malam Nu'uman mai shago ya sha faɗa a bainar jama'a cewa sai ya ga bayan wannan najasa.

Kafin azahar Duna ya daina motsi.

"Sun kashe shi," in ji tsohon da Hausarsa ta baƙo, muryarsa a bushe. "Boko bai samu shi ba. Ku kun samu shi."

Da yamma Keturah, 'yar maƙwabta mai aiki a asibitin dabbobi, ta leƙo. Ta dubi aman, ta dubi ƙasar da aka tone a gindin bango, ta ɗago wani guntun abu mai kama da albasa, duk sawun haƙori.

"Adda, wa ya shuka wannan?"

"Ni ce. Wajen masu furanni na saya. Na ga ƙofar Baba ba ko ɗan tsiro."

"Lili ne fa, albasar kwaɗi. Kansa na cikin ƙasa guba ne ga kare. Ƙaramin kare ma zai sha wuya, balle tsoho kamar Duna."

 Duk layin Zuhra kaɗai ke ajiye wa karen ƙashi, ashe da hannunta ta binne masa ajali. Ba ta tsaya neman dabara ba, ta karɓi guntun ta je ta durƙusa gaban tsohon ta faɗa masa komai.

Ya girgiza kai.

"Ke yana da kirki, Adda. Kar ki ɗauki laifi na su."

"Wallahi Baba, furen ne."

"Fure? Kare da ya kashe maciji a kan dutse, fure ya kashe shi?" Ya juya fuskarsa bango.

Daga ranar ya daina cin abincin layin. Duk kwanon da aka kai, haka zai dawo. Na Zuhra ma bai tsira ba, wai ai hannaye da yawa ke taɓa abinci kafin ya iso. Da farko yakan lallaɓa wajen mai shayi a bakin titi, daga baya ƙafa ta ƙi. Zuhra na kallon wuyansa yana zama kamar kara. Ta tuge furannin kaf, ta kawo Keturah ta yi masa bayani har bakinta ya gaji, duk a banza.

Sai ta je shagon Malam Nu'uman.

"Malam, kai yake zargi. Don Allah ka je ka rantse masa ba kai ba ne. Ƙila ya ci abinci."

"In rantse a kan kare?" Ya yi tsaki. "Allah ya sawwaƙe! Ai ko ba komai, yanzu mala'iku sa shigo mana layi."

Ta juyo gida. Kalma ɗaya ake roƙo, mutum ya ga ta fi ƙarfin girmansa.

Ranar wata Juma'a da hantsi ta yi ta sallama a ƙofar ba amsa. Maza suka shiga, suka fito da salati. Nan da nan layi ya cika, mai kawo likkafani, mai kawo ruwa, kowa hannunsa ya buɗe. Ta bayan katanga ta jiyo Malam Nu'uman yana cewa, "Bawan Allah, bai taɓa cutar kowa ba." Ta ji kamar ta ɗaga murya ta amsa masa, sai dai ta juya ta bar gindin katangar.

Da aka wuce da makarar ta shiga share ɗakin. Kwanon tuwon da ta kawo jiya yana nan bayan ƙofa, faifai a kai. Ta buɗe. Malmalar ta yi ɓawo, ko yatsa bai taɓa ta ba. Ta ɗauka ta fito, ta tsaya a ƙofa da kwanon a hannu, ƙudaje na sauka a bakinsa.