Takalman Masu Ɗinki

A layinsu kowa Me-ya-sa yake kiranta, kuma ba a zalunce ta ba. Matar nan ko ƙofa ce ta yi ƙara sai ta tsaya ta ga dalili. Shagonta na kayan makaranta ne: kekunan ɗinki biyu, teburin yanka, sai ƙanenta da ke kai kaya a mota. Bana wata babbar makaranta ta ba ta ɗinkin rigunan ɗalibanta kaf. In aikin ya tafi daidai shago ya tsaya da ƙafafunsa, in ya ɓaci kuwa sai dai ta koma ɗinki a ɗaki. Da ya fi ƙarfin kekunanta, ƙanen ya samo wani gidan ɗinki a bayan gari da ke karɓar aiki da araha.

Kaya suka fara zuwa, ɗinki tsaf, da wani irin sauri da ya hana ta sukuni.

"Wai su mutanen nan ba sa barci ne?" ta tambayi ƙanen.

"Yaya, don Allah! An kawo miki kaya masu kyau, ki karɓa ki gode wa Allah mana."

"So nake in ga yadda suke yi, ni ma in koya. Ta da mota."

Gidan yana da doguwar katanga da mai gadi, tsakar gidan kuma an zube ta da tsakuwa mai kaifi, har ta cikin takalmi tana ji. Mai gidan ya tarbe ta da fara'a, Hajiya sama Hajiya ƙasa, ya kai ta ɗakin aiki. Mata ne jere a kan kekuna, fanka na kaɗa zare, ba mai ɗaga kai. Dukansu ba takalmi. Wannan bai dame ta ba, ita ma tela ce, ta san feda ta fi jin magana da tafin ƙafa. Amma tela yakan ture takalminsa ƙarƙashin keke, nan kusa, yadda in ya miƙe zai zura. Ta sunkuya kamar tana duba bel ɗin keken. Ba komai sai ƙyallaye. Keke na gaba ma haka. Ta leƙa bakin ƙofa, wayam. A ƙofar banɗaki ne kawai ta ga silifa guda biyu, ɗaya ja ɗaya shuɗi.

To fa! Ta sama suka faɗo?

"Maigida, ina suke ajiye takalmansu?"

Ya yi dariya. "Kai, Hajiya, idonki! Ni nake ajiye musu, da wayoyinsu da katin shaida. Kin san mata da ɗauke-ɗauke." Ya nuna wani kabad a ofishinsa, da ƙaton kwaɗo a jiki.

Aka kira shi waje. Me-ya-sa ta matsa kusa da wata mai ɗinka kwala, wadda ƙafafunta suka kumbura suntum.

"Ƙanwata, ƙarfe nawa kuke tashi?"

"Sai an gama, Anti." Ba ta daina taka keke ba.

"An gama me?"

"Na makarantar nan. Ya ce in an gama zai ba mu takalma mu je gida. Haka ya ce a na baya ma."

"A ina kuke kwana?"

Matar ta nuna bayan tulin yadi da haɓarta. Me-ya-sa ta kalli kwalar da ke ƙarƙashin allura. Ita ta zaɓi yadin, ita ta yanka samfurin da hannunta. Kunya ta kama ta, sai kuma haushi.

A mota ƙanen ya yi ta magiya. "Yaya, an kusa komawa makaranta. Ki bari su ƙarasa, sannan ki yi duk abin da za ki yi."

"Su ƙarasa nawa, a kawo na wani?"

"In aikin nan ya kuɓuce mun shiga uku!"

"Na sani," ta ce, kuma wallahi tsoro take ji, ba ta ɓoye ba. "Kai ni ofishin ƙwadago."

Can ma sai da ta sha zama a benci, ta maimaita labarin takalma har bakinta ya gaji, kafin wata jami'a ta ajiye biro ta saurare ta da kyau. Washegari da hantsi ita da ƙanen suka koma gidan ɗinkin tare da jami'ai. Mai gidan ya yi rantse-rantse, ya ce taimakon matan yake yi, amma kwaɗon dai sai da ya buɗe. Aka juye buhun takalma a tsakar ɗaki, kekunan suka yi tsit, mata suka durƙusa kowa na tonon nata.

Ana cikin haka shugabar makarantar ta bugo waya. Me-ya-sa ta gaya mata gaskiya, riguna ba za su samu a kan lokaci ba. Shugabar ta jajanta ƙwarai, ta yaba mata ma, sannan ta ce za su ba wani shagon. Me-ya-sa ta sa wayar a jaka, ta tsaya tana kallon tulin rigunan da ba hannu ba maɓalli. Abin ya yi mata ciwo sosai.

Mai ɗinka kwala ta samu takalmanta, amma sun ƙi shiga kumburarrun ƙafafun. Ta take bayansu, ta ja su a kan tsakuwa har bakin ƙofar gida. Mai gadi ya matsa gefe ya ba ta hanya. Ta leƙa dama, ta leƙa hagu, ta daɗe a tsaye. Sannan ta juyo.

"Anti, a rufaffiyar mota aka kawo mu. Don Allah ta ina ake fita titi?"

Ƙanen ya sauko daga mota ya buɗe wa matar ƙofar gaba.