Ƙofar Mai Fenti

"Ka kawo mini ta ƙarfe, ka ɗauki ta katakon," in ji mai gidan hayarmu. "Amma mai walda a wuyanka yake."

"Na ji," na ce. Muka tafa.

Ƙofar ɗakin maƙwabcina muke ciniki, wanda muke kira Mai Fenti. Rayuwarsa duka allon shaguna ya yi ta rubutawa. Abu ɗaya ya zana don kansa, a bayan ƙofar nan: matarsa marigayiya tana zura zare a allura, ta kanne ido ɗaya. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya yi wasiyya a kai ƙofar zuwa gidan adana zane-zane.

"Kada ka jira in mutu, Dillali," ya ce. "Ka san halin mutumin nan. Kafin ku dawo daga maƙabarta ya shafe ta da fari, ya zuba ɗan haya."

Ni tsofaffin kaya nake dillanci, na san ba ƙarya ya yi ba. Na ɓalle ƙofar, na ɗora a baro, na tura har can. Jami'ar wurin ta daɗe tana kallo, sannan ta ce sun karɓa da hannu biyu.

Ba a jima ba Mai Fenti ya fara buga mini bango.

"Dawo mini da ita."

"Haba Mai Fenti, kai fa ka bayar."

"Na bayar don bayan raina. Ai ban mutu ba." Ya nuna ƙofar ƙarfen da haɓa. "Wannan zan yi ta kallo? Kamar ɗan fursuna?"

Na koma, na roƙi arziki a ba mu aro.

"Baba, abin da ya shigo ba ya fita," in ji jami'ar, ita ma idonta ya yi ja. "Ku kawo shi. Zan sa masa kujera a gabanta."

Mutumin da ko juya shi aka yi sai ya suma. Na ɗauko hoton zanen a wayata na kai masa. Ya kai ta har bakin hancinsa, ya mayar mini.

"Ba na ganin zaren."

Ya ce in miƙo buroshi. Na riƙe masa gwangwanin fenti, na ja katifar zuwa bakin ƙofa. Ya ja layi ɗaya, wai gefen kumatu. Fentin ya ƙi kama ƙarfen, ya gangaro. A gaban ƙofar ƙarfen nan ya cika.

Mai gida ya samu ƙofar ƙarfe. Gidan zane ya samu abin nunawa, 'yan makaranta na tsayawa a gabanta suna kanne ido ɗaya. Mai Fenti kuwa sau biyu ya rasa mace ɗaya.