Duka Biyu a Kan Injin Haƙar Kuɗi

Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Ngong ya san hannun daman Alhaji Hayatu. Fuskarsa dai ba abin tsayawa kallo ba ce, bakinsa kuma ya fi barkono zafi, amma hannun nan in ya sauka a kuturin saniya sau biyu, tas-tas, to magana ta ƙare. Saniyar lafiyarta ƙalau, ba ta sata ba ce, in kuwa aka kai ta gida ta fito da wani aibi, Hayatu ne zai shiga garkensa ya kwanto wata ya ba mai saye. Haka ubansa ya yi dillanci, haka kakansa da ya biyo fatake daga ƙasar Katsina ya yada zango a Garwa bai ƙara gaba ba. Shekara talatin da ɗoriya Hayatu bai taɓa kwance ko ɗan maraƙi ba, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya san yadda ya sako zancen.

Ana cikin bazarar nan da Garwa ke gasa mutane kamar tsire, sai wani kamfani ya buɗe ofis a saman bene kusa da babbar kasuwa. Wai injuna suke sayarwa masu haƙar kuɗin intanet, abin da samari ke kira kirifto. Ka sayi inji guda ka koma gida ka miƙe ƙafa, shi yana can yana haƙa, kai kuɗi na shigo maka ta waya. Zancen ya cika mayanka, har mutum sai ya tsaya da wuƙa a hannu yana mafarkin mota, ƙuda na shan shagalinsu a kan nama.

Sarkin Pawa Sharif, dattijo mai tsoron Allah da tsoron asara, shi ne ya aika aka kira Hayatu.

"Alhaji, mutanen nan sun hana ni sakat," in ji shi. "Ka je ka duba mana dabbar nan. In ka ce a saya, a saya. In ka ce a'a, kowa ya koma ga wuƙarsa."

Mai hankali da sai ya ce, Sarki, ni saniya na sani. Amma Hayatu tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa jin "ban sani ba" a bakinsa ba. Sai ya gyara zaman hula.

"Ranka ya daɗe, duk abin da ke ci yana kashi ai dabba ne. Bar ni da shi."

Washegari da hantsi ya hau benen yana haki, ya faɗa cikin wani sanyi da ya sa gumin bayansa ya daskare. Wata mata mai gilashi ta tare shi da fara'a, ta ce sunanta Madam Christine, ita ke riƙe da ofishin. Hausarta ba ta wuce sannu ba, don haka suka koma Fulatanci, tana yi tana yayyafa Faransanci. Ta kai shi gaban wani akwatin ƙarfe, girmansa bai fi kwalin sabulu ba, da fanka gaba da baya, yana ruri ba ya ko numfasawa.

Hayatu ya zagaya shi sau biyu, hannu a baya. Ya sunkuya ya leƙa cikin fankar, don shi dabba daga haƙori ake fara ta.

"Me yake ci?"

"Kuran kawai, Alhaji. Wutar lantarki."

"Me yake kasayarwa?"

Ta yi dariya har sai da ta cire gilashi. "Zafi. Ba ka ji iskar da ke fitowa ta bayansa ba? Guda ɗari in suna ɗaki ɗaya, ba ka iya minti biyar a ciki."

"Haihuwa fa?"

"Kullum. Duk safiya za ka ga abin da ya haifa a telefon."

"Madalla. To in na saya yau, a moto zan ɗora shi ko a ka?"

"A'a, ba a tafiya da shi gida. Kuran na gari ba zai riƙe shi ba. Muna da babban magaze, wato ɗakin ajiya, a Lagdo kusa da baraj, madatsar ruwan nan, can duk injunan suke aiki. Kai dai takarda za mu ba ka mai lambar naka."

Nan Hayatu ya ji ƙafarsa ta taka ƙasa. Wannan ai kiwo ne, kuma kiwo ya san shi ciki da bai.

"Madam, mu in muka ba makiyayi saniya ta mutu a daji, fatarta yake kawo mana mu ga shaidarmu a jiki. Ku in inji ya mutu, fatar wa za ku kawo?"

"Akwai garanti, duk yana cikin kontra, takardar yarjejeniya."

"Na ji. Wa ya tsaya muku a garin nan? A kara baƙo ba ya sayar da ko akuya sai da maigidan da zai ce na san shi, in ya gudu ku kama ni. Ku wa ne maigidanku?"

"Patron, mai kamfanin, yana Duwala."

"Duwala ba unguwa ba ce a Garwa," in ji Hayatu.

A ransa ya riga ya gama hukunci: cinikin biri ne a sama. Daɗi ya cika shi, har ya fara shirya yadda zai ba da labarin a majalisa, da inda zai dakata a yi dariya. Ya juya zai fita ke nan sai murfin injin ya ɗauki karkarwa, kar-kar-kar, irin wadda ke shiga haƙori. Hayatu mutum ne da ko rediyonsa ya yi masa gardama mari yake sha. Ya kai hannu ya ba murfin mari, tas-tas. Karkarwa ta tsaya. Ya ɗaga kai cike da alfahari, ya ga Madam riƙe da waya tana ɗaukarsa, har ya yi mata murmushi.

Da a ce daga nan gidan Sarkin Pawa ya wuce, da labarin ya ƙare a nan. Amma babban mutum ba ya kawo amsa ranar da aka aike shi, kada a ce abin da sauƙi. Sai ya hau mota ya tafi Tcholliré duba wasu bijimai, ya shiga rugage inda waya ba ta kamawa, ya kwana huɗu yana shan kindirmo.

Ranar da ya dawo, tun daga tasha ya ga ana yi masa wani irin murmushi. Mai moto, wato ɗan acaɓan da ya ɗauke shi, ya ƙi karɓar kuɗi. A bakin mayanka wani mahauci ya rugo ya kama hannunsa na dama da hannu biyu, ya ciro waya ya nuna masa. Ga Hayatu nan da hularsa, ga inji, ga tas-tas, an maimaita har sau uku, ga murmushin a ƙarshe. An ɗora murya da Hausa da Fulatanci: Alhaji Hayatu na karar Ngong ya duba, ya daka.

Bai tsaya jin sauran ba, ya nufi unguwar Yelwa gidan yayarsa Dela, don ya san halinta. Dela mai kilishi ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma abin da ta mallaka a duniya bayan farantan shanya nama shi ne wani farin sa da ta shekara biyu tana turke shi da dusa da ƙaiƙayin gyaɗa. Yana shiga ya ga turken, ga igiya a ƙasa, ga kwanon dusa an kife.

"Yaya, ina san?"

"Ya zama inji," ta ce, tana shafa yaji a nama ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kai ma ba ka da kirki, Hayatu. Ka ga hanyar arziki, sai dai in gani a wayar maƙwabta?" Ta goge hannu ta zaro takarda daga ƙarƙashin tabarma, an naɗe ta cikin leda. "Da wani ne ya daka, wallahi ko kallo bai ishe ni ba. Amma hannun gidanmu ne."

Wannan matar ita ta goye shi. Ya buɗe baki zai ce murfi ne, sai ya ji maganar ta yi masa nauyi, ya ce ruwa yake so.

Sauran fata ɗaya ya rage masa, wataƙila shi ne bai fahimci abin ba, wataƙila injunan suna can da gaske. Karo na farko a rayuwarsa ya roƙi Allah ya sa hukuncinsa kuskure ne. Da gari ya waye ya karɓi takardar ya hau mota zuwa Lagdo, ya yi ta tambaya har aka nuna masa wani dogon ɗaki mai rufin kwano a bayan gari. Tun daga nesa ya sare. Garke ba ya ɓuya, ko shanun sun fita kiwo kashinsu na nan, ƙasa a tattake, wari na tashi. Abin da aka ce yana ruri yana kasayar da zafi, ga gidansa shiru, tantabaru na kuka a kan rufi. Ya zagaya ginin kaf, ko igiyar lantarki ɗaya bai ga ta shiga ba.

Wani tsoho mai gadi yana zaune a inuwa yana ɓarar gyaɗa. Suka gaisa, Hayatu ya ba shi goro, ya buɗe masa ƙofa. Sanyi ne ya fara tarbarsa, sannan warin jemage. A kusurwa an jera kwalaye masu hoton inji har rufi. Ya sa ƙafa ya taɓa na ƙasa, sai gaba ɗaya suka zubo masa a ka, ba nauyin komai.

"Wata uku ke nan da suka zo suka ɗauki hoto," in ji tsohon. "Kai ne Patron ɗin?"

Kafin la'asar yana Garwa, ya hau benen nan da niyyar ya tara wa Madam jama'a. A kan matakala ya same ta zaune, jaka a cinya, gilashi a hannu, idanu sun kumbura. Ta ce da safe wasu suka zo da mota suka ɗauke injin wai za a kai gyara, suka haɗa da na'urar sanyi, lambar Patron kuma ba ta shiga. Ita ma inji biyu ta saya, nata da na ƙanwarta. Hayatu ya tsaya da zaginsa a baki ya rasa wanda zai ba.

Aka taru a ƙofar gidan Sarkin Pawa, mahauta da 'yan kara, da waɗanda suka saya da waɗanda suka zo kallo, na biyun sun fi yawa. Hayatu ya miƙe ya faɗi abin da ya gani a Lagdo, sannan ya share murya.

"Jama'a, dukan nan ba na ciniki ba ne. Murfin ne yake karkarwa."

Sai wani daga baya ya tuntsire, dariya ta ɓarke har da masu asara. Sarki ya ɗaga hannu.

"Ni na yarda da kai, Alhaji, don na san rediyonka. Ba kuma wanda zai kai ka gaban zandarma, jami'an tsaro, a kan mari. Amma shekara talatin kana gaya mana hannunka ba ya wasa, ko a gidan makoki ba ka bar mu mun huta ba. Yau sai ka zaɓa. In ka ce wani lokaci yana wasa, shi ke nan, kowa ya rungumi ƙaddara. In ka ce ba ya yi, ka san al'ada."

Hayatu ya dubi hannun nasa kamar na aro. Ya tuna garkensa da ke hayin kogin Binuwai, shanun da ya tara ɗaya bayan ɗaya, kowace ya san uwarta. Ya ji kamar ya yi kuka, amma ya daure, don a ganinsa shanu suna haihuwa, sunan mutum kuwa ba ya haihuwa.

"Ba ya wasa," ya ce. "Duk wanda ya saya bayan ya ga hoton nan, ya same ni a garke."

Suka same shi kuwa, har da wasu da bai taɓa ganinsu a mayanka ba. Cikin kwana uku garken ya koma abin da mutum ɗaya zai kora da tsinke. Amma ya ɓoye guda, wani jan bijimi mai tozo kamar tulu, wanda ya fi na Dela nesa ba kusa ba. Shi da kansa ya riƙo igiyar, ya ratsa gari da rana tsaka, ya bi ta gaban kasuwa da gangan don kowa ya ga yadda ɗan halak ke cika magana. Kafin ya isa Yelwa har ƙirjinsa ya fara dawowa wurinsa.

Dela ta fito tana gyara ɗaurin zane. Ta dubi bijimin, ta dubi ƙanenta da ya jiƙe sharkaf da gumi, idonta ya kawo ruwa.

"Allah ya yi maka albarka, Hayatu. Baba ma abin da zai yi ke nan."

"Ga shi nan, Yaya. Shekara huɗu, lafiyayye, ko tari bai taɓa yi ba." Ya sunkuya zai ɗaura igiyar a turke.

"Dakata tukuna," in ji Dela a hankali. "Kada ka ɗaure. Shiga inuwa ka sha ruwa, bari in aika a kira dillali ya duba min shi."