Amsar Malam Abdulbaƙi

Malam Abdulbaƙi yana da wata amsa da ya taɓa bai wa likita, wadda yake ji da ita kamar yadda wasu ke ji da sabuwar mota. Ya ba da labarinta a ofishin malamai na makarantar da yake koyarwa, ya ba da shi a majalisar ƙofar gidansu a Zaitawa, har mai shayin wurin ya haddace.

Abin ya faru ne lokacin da aka gano ciwon dajin mama a jikin matarsa Bahijja, aka ce sai an cire. Ranar da za su ga likitan tiyata, mahaifinta Alhaji Ɗantani ya ce ƙafarsa ƙafarsu, kuma babu mai iya ce wa suruki ya jira a waje. Suka zauna su uku, Bahijja a tsakiya, ta ja mayafi har goshi.

Likita ya gama bayanin cirewa, sannan ya ce akwai kuma maganar gyara. Ana iya sake gina wurin a cikin tiyatar nan guda, ko dai a sa wata roba mai taushi a ƙarƙashin fata, ko a ɗebo nama daga jikinta a haɗa. Yana magana yana kwatantawa da tafin hannu a kan ƙirjinsa. Alhaji ya sunkuyar da kai, carbinsa ya ƙara gudu. Malam Abdulbaƙi ya ji gumi ya keto masa har cikin hula, ga shi ana siffanta ƙirjin matarsa a gaban wanda ya haife ta. Ana cikin haka ya ji Bahijja ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Nan take ya yanke cewa ceto take nema, ya gyara zama.

"Likita, mu rai muka zo nema, ba ado ba. Yadda Allah ya bar min ita, haka nake sonta."

Likita ya tambayi Bahijja ko ita ma haka ta gani. Ta gyaɗa kai ba ta ɗago ba. A hanya Alhaji ya yi ta sa wa Malam albarka, ya ce irinsa sun yi ƙaranci a zamanin nan, shi kuwa bai musa ba.

Aka yi tiyata, aka sha ƙarin ruwan magani, aka yi gashi da na'ura. Bahijja ta tashi, gashin kanta ya dawo, ta koma saƙar hulunanta. Malam ya lura tana cusa auduga a rigar mama, ta rage zuwa biki, ta daina canza kaya idan yana ɗaki. Ya lura da duk wannan, ya fassara shi da cewa hankali ne ya ƙaru mata.

Sai ƙanwarta Sumayya ta tashi aurar da 'ya, aka fitar da anko. Bahijja ta kai ɗinki, telar ta zagaya mata abin awo a ƙirji, audugar ta zame gefe a gaban mata. Ta naɗe atamfarta ta dawo gida, ta tarar da Malam a zaure da baƙo, ya kai daidai wurin "ba ado ba".

Bayan baƙon ya tafi ta kawo masa abinci, ta tsaya maimakon ta juya.

"Malam, don Allah ka daina ba da labarin nan. Da na taka ka, so nake ka tambaye shi sosai. Ni ba zan iya ba, Baba yana wurin."

Abin kunya, tunaninsa na farko ba ita ba ce, majalisa ce. Daga baya ne maganar ta sauka inda ya kamata. Ya ce me ya hana ta faɗa masa tun a lokacin. Ta ce ta ga yana farin ciki, kuma an riga an sa masa albarka.

Suka koma wurin likitan su biyu, ba a sanar da Alhaji ba. Likita ya duba ta, ya ce gashin da aka yi ya sa fatar wurin ta taurare, robar ba lallai ta zauna lafiya ba. Abin da ya fi yiwuwa yanzu shi ne a ɗebo nama daga bayanta ko cikinta, tiyata ce doguwa, da jinya da sabon tabo. Akwai kuma maman roba na sakawa a cikin rigar mama, mai kama da nauyin na gaske, ba sai an yanka ba.

Bahijja ta shiga tambaya. Shin wurin zai riƙa ji, shin za ta iya sujada ba ciwo, shin gyaran zai ɓoye cutar in ta dawo. Malam bai taɓa sanin tana ɗauke da tambayoyi masu yawa haka ba. Ta tambaya ko da an tsaya an yi maganar tun farko da abin ya fi sauƙi. Likita ya ce ba zai rantse ba, amma zaɓinta ya fi yawa a lokacin.

Malam ya ji wata amsa mai daɗi tana haɗuwa a bakinsa, har ta fi ta farko tsari. Ya haɗiye ta.

Bahijja ta dubi likita.

"A lokacin ina kwance, wuƙa ɗaya ce," ta ce. "Yanzu na tashi, ba zan iya komawa ba. A ba ni na sakawar."

A cikin adaidaita sahu, sun kusa Ƙofar Na'isa, ya ce ta yafe masa. Ya faɗa ƙasa-ƙasa saboda direba.

"Na yafe tun tuni, Malam. So kawai nake ka sani."

Ta miƙa masa kwalin maman robar da aka ba ta ya riƙe mata don ta gyara mayafi. Ya ɗora shi a cinya, ya rasa ta inda zai kama. Bai zaci yana da nauyi haka ba.