Muryar Yaya Barira a Bakin Kowa

Daren jiya na yi wani mafarki wanda har yanzu bai sake ni ba.

Na tsinci kaina a tashar mota ta wani gari da ban taɓa zuwa ba. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa ya yi sama, saboda haka takalman mutane a jiƙe, hulunansu a bushe. A kan wani benci na hango yayata Barira a zaune, ta ɗora hannuwa a cinya. Bara ta rasu. Ban yi mamakin ganinta ba. A garin nan rasuwa kamar ƙaura ce zuwa wata unguwa.

Kafin rasuwarta ni da ita mun yi wani aiki tare. Ni rubuta manhaja ce sana'ata, ita kuma Allah ya hore mata murya. Na riƙa zaunar da ita tana karanta jimloli ina naɗa, har na haɗa manhajar da ke karanta wa makafi rubutun Hausa a waya. Na sake ta kyauta, a buɗe, kowa ya ɗauka ya gyara ya ƙara. Ra'ayina ke nan tun asali: abin da zai amfani jama'a ba a sa masa kwaɗo.

Na durƙusa na ce, "Yaya, ina wuni?"

Ta motsa baki, ba abin da ya fito. Sai na lura da wani ɗan kwaɗo kore maƙale a maƙogwaronta, yana kumbura yana sacewa. A garin nan kwaɗon kulle ƙofa da kwaɗon rafi abu ɗaya ne.

A bayana kwandasta ya ɗaga murya yana kiran fasinja, da muryar Yaya. Mai tsire ya yi mini tayi da muryar Yaya. Lasifikar tasha ma da muryarta take karanta labarai: wai sabuwar wayar da aka fitar da safe ta rasu da tsufa kafin azahar, za a yi jana'izarta bayan la'asar, magajiyarta kuma tana hanya. Kowa a garin yana magana da muryar yayata, ban da ita.

Sai ga ni a wani ofis. A bakin ƙofa makafi ne jere a kan tabarma, kowanne da waya a kunne. Na ji wayar wani dattijo tana ce masa, "Kafin in karanta maka saƙon 'yarka, saurari wannan tallar." Dattijon ya saurara. Tallar ta ƙare, wata ta fara. Bai sauke wayar ba.

A ciki ƙadangare ne a kan kujerar shugaba, ya sa tabarau. Tun kafin in buɗe baki yake gyaɗa kai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, muryar yayata na zo karɓa."

Ya gyaɗa kai. "Ba ta nan. Wani kamfani ya tsince ta a buɗe, ya ɗauka, ya sa mata kwaɗo. Yanzu haya yake ba da ita."

"Ai ni na bar ta a buɗe."

"Madalla. Ka ga ba a fasa maka ƙofa ba."

"Don a shigo na bar ta, ba don a kulle mu a waje ba."

"Ai sun shigo," in ji shi, yana gyaɗa kai.

Na ce masa muryar tata ce, da ita aka haife ta. Ya ce wannan ba matsala ba ce, ta zo ta amince da sharuɗɗa da bakinta, a cire mata kwaɗon. Na ce ai ba ta iya magana sai an cire. Ya ce shi ya sa har yanzu ba ta amince ba. Ya gyaɗa kai, ni ma na ji kaina yana gyaɗawa, sai na tashi na fita kafin ya zame mini jiki.

Na bi wani lungu na ɓulla unguwar masu buɗaɗɗiyar manhaja, mutanena ke nan. Gidajensu ba bango. Kowa yana shiga gidan kowa ya gyara abin da ya gani a karkace, wasu kuma sun taru suna musu a kan launin ƙofar da babu ita. Rufin unguwar duka guda ɗaya ne, kuma a kan mutum ɗaya yake. Malam Gambo sunansa, wani tsoho mai furfura, yana tsaye a tsakiya ya tallafe shi da kai da hannuwa. Ƙafafunsa sun nutse cikin ƙasa har gwiwa.

Na ce, "Baba, sannu da aiki. Ba mai karɓar ka ne?"

Ya ce, "Suna gode mini ƙwarai. Ɗazu ma wani ya zo ya ce rufin yana yoyo ta gefensa, in hanzarta."

Na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ya ce da yana da hannu a sake da ya raka ni. Ya nuna mini hanyar ƙarƙashin gada da haɓarsa. "Je ka wurin Lantana mai turi, wadda ke tura wa mutane fina-finai a waya. Mu ba ma hulɗa da ita da rana."

Lantana tana zaune gaban wata ƙatuwar tukunya da ludayi a hannu. Mutane suna miƙo wayoyinsu kamar kwanuka tana zuba musu fina-finai da waƙoƙi da littattafai. A gefenta wani mawaƙi ne a tsugune da molonsa. Duk ludayin waƙarsa da ta ɗebo sai ya ƙara ramewa, har ina hango ƙarfen gadar ta cikin ƙirjinsa.

Na ce, "Hajiya, wannan ai sata ce."

Ba ta ɗago ba. "Je ka leƙa tukunyar kamfanin. Ta ragu?"

"Wannan bawan Allah fa?"

Ta dube shi. "Shi kam ya ragu," ta ce. Mawaƙin ya yi murmushi ya ce a ƙauyuka kowa ya haddace waƙarsa, abinci ne kawai bai ci ba.

Lantana ta ce, "Su da suka ɗauka a hannunka sunansu kamfani. Ni da na ɗauka a hannunsu sunana ɓarauniya. Makafin da ke ƙauye, waɗanda ba su da abin haya, a wurina suke samun yayarka. Me za a zuba maka?"

Na tsaya ina kallon tukunyar. Shekara da shekaru ina zagin masu irin sana'arta a duk inda aka zauna hira. Ba ni da waya, ba ni da kwano. Na haɗa tafukana na miƙa mata. Ta zuba. Muryar da ɗumi, kamar kunun da aka sauke ɗazu.

Na dawo tasha ina tafiya a hankali kada ta zube. Yaya tana nan inda na bar ta. Na kai hannuwana bakinta ta shanye. Kwaɗon ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin mota. Ta yi gyaran murya.

Na ce, "Yaya, kina lafiya a can?"

Ta ce, "Kana da sabon saƙo."

"Yaya, ni ne Tasi'u."

"Cajinka ya kusa ƙarewa."

Muryarta ce sak, har da ɗan jan da take yi a ƙarshen magana. Amma idanunta wani abu dabam suke faɗa, kuma ta riƙe hannuna gam. Sai na gane cewa abin da na naɗa kaɗai ne ya dawo. Na sa ta ta karanta sunayen watanni, da lambobi, da gargaɗin caji. Ban taɓa cewa ta kira ni ba.

Na ce, "Ki ce Autan Inna, yadda kike cewa in na yi dare a waje. Sau ɗaya kawai."

Ta buɗe baki. Ta yi ƙoƙari, na ga jijiyar wuyanta ta tashi.

Ta ce, "Ban gane ba. Sake faɗa."

Na sake faɗa. Ta sake ba ni amsar. Motar unguwarsu ta cika, kwandasta ya bubbuga ƙofa. Ta tashi ta gyara mayafinta, ta shafa kaina, ta shiga. Na bi motar da gudu amma ƙafafuna baya suke kai ni, ƙarar injin kuma sai ƙaruwa take yi maimakon ta yi nisa.

Na buɗe ido. Injin markaɗen maƙwabta ne, an tayar da shi, wata mata tana cewa a fara da waken ƙosanta don ita ta riga zuwa.